Wa ya taɓa ganin fuskar Gizo?

Mu masu karatun ilimin harsuna, sunan Jacob Grimm ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne Bajamushen nan da ya tsara dokar sauyawar baƙaƙe a harsunan dangin Jamusanci, wadda ta fito a 1822, kuma har yau ana wahalar da mu da ita ranar jarrabawa. Amma yaran duniya ba ta nan suka san shi ba. Shi da ƙanensa Wilhelm ne suka tattara tatsuniyoyin ƙasarsu, kundin farko ya fito a 1812. Wasunsu ma sun shigo har gidanmu, tunda Abubakar Imam ya ɗebi labaru daga can ya sa musu rigar Hausa cikin Magana Jari Ce. Kundin 1812 ba ya da hoto. Sai a 1825 aka buga ƙaramin littafi don yara, labari 50, da zanen wani ƙanen nasu, Ludwig Emil. Tun daga lokacin masu zane suke kokawa da tambaya guda: wace fuska za a ba mutanen tatsuniya?

Amsar da ta fi kwanta mini a rai ita ce ta Shaun Tan, wani mai zane ɗan ƙasar Ostareliya. Wata abokiyar karatuna ce ta nuna mini shafukan littafinsa a wayarta, The Singing Bones, wanda ya fito a 2015. Mutumin ya aje alƙalami ya kama aikin hannu. Ya kwaɓa jiƙaƙƙiyar takarda da yumɓu, ya gina ƴan ƙananan mutum-mutumi, ya shafa musu launi, aka ɗauke su hoto. Tatsuniya 75 na Grimm, kowace da nata ginin, a gefe kuma ɗan guntun labarin. Ya ce ya ɗauki darasi daga sassaƙar duwatsun mutanen Inuwit, da kuma tsofaffin gine-ginen yumɓu na mutanen Amurka kafin zuwan Turawa. Abin da ya kama ni shi ne ƙarancin fuska. Wani ido biyu kawai gare shi, kamar an huda da tsinke. Jikinsu da kaushi, ka san hannu ne ya yi. Duk da haka in ka dube su sai tsigar jikinka ta tashi.

Na daɗe ina tunanin dalili, kuma ina ganin Hausa ta riga ta faɗe shi cikin kalmar kanta. Idan muka ninka kalma, sau da yawa rage mata ƙarfi muke yi. Ja-ja bai kai ja ba. Miya mai gishiri-gishiri, gishirin bai cika ba. Haka mutum-mutumi: ya yi kama da mutum, amma da saura. To, wannan sauran shi ne wurin da yaro yake shiga da nasa tunanin. Hoton da aka gama shi tsaf, har da gashin ido, bai bar wa yaro aikin komi ba.

Ku ɗauki Gizo. Dukanmu mun san shi, amma wa ya taɓa ganin fuskarsa? A gatana ɗaya yana noma, yana auren ƴar sarki, yana zuwa fada kamar kowa. Can gaba kuma ya haye bango ya maƙale a rufin ɗaki. Da murya muke gane shi: da kaka ta karkace baki ta yi tsamin bakin nan nasa, kowa ya san maƙaryacin ya iso. Ranar da mai zane ya ba shi ƙafa takwas, ya kashe Gizo mutum. Ranar da ya sa masa babbar riga da hula, ya kashe gizo-gizo. Amma guntun kara da aka ɗaura wa tsumma yana iya zama duka biyun, ya danganta da muryar da ke riƙe da shi.

Wannan ba a jami'a na koye shi ba. A gidanmu ba a yin gatana da rana, sai dare. Da gari ya waye kuma, yayata takan zauna gindin bango da ƴaƴan tsanarta, wata ta karan dawa, wata ta ƙashin ƙafar akuya, ta yi musu kitso da baƙin zare, ta ɗaura musu zane da ƙyallen da ta roƙo wurin tela. Mu maza mu gina shanu da raƙuma da laka. Abin da muka ji jiya da dare shi muke maimaitawa da su. Ƴar tsana guda ita ce Ƙoƙi yau, gobe ta zama amarya, jibi kishiyar uwa. Yanzu ƙannena ƴar tsanar roba ake sayo musu daga kasuwa, mai farin jiki da murmushin da ba ya gushewa. Ita wannan ba ta iya zama Ƙoƙi ko an yi mata dole.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. Moustapha Alassane, ɗan ƙasarmu da ya zauna Tawa ya rasu a 2015, ya yi fim ɗin Samba le grand a 1977 da ƴan tsanar da aka haɗa da hannu, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto. Labarin gargajiya ne na jarumin da ya nemi auren gimbiya ta yi ta ɗora masa sharuɗɗa. Mu nawa ne muka taɓa kallonsa?

Na san wani zai ce, ina batun addini? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba ni zan yanke ta ba. Abin da ya tabbata a Buhari da Muslim shi ne Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da ƴaƴan tsana a gidan Annabi (SAW), kuma malamai da yawa sun kafa hujja da haka suka sassauta kan kayan wasan yara. Ƴar tsanar kara kuwa ko fuska ba ta da ita.

Ga abin da nake roƙon ƴan ƙungiya. Yaron da ke lakwal a Maraɗi ko Damagaram da wuya ya samu littafin tatsuniya na Hausa mai hoto. Ba mu da kuɗin mai zane, amma kara da laka da ƙyalle ba su kai dala ɗari ba, waya mai ɗaukar hoto kuma tana aljihun kowa. Injin fotokofi yana cinye launi da ƙananan layuka, amma siffa mai kauri a gaban farin bango tana fita sarai. Mu zaɓi gatana guda, mu rubuta ta da bakin tsohuwar da ta faɗe ta, ba tare da mun gyara mata Hausa ba. Ginin kuwa mu ba ƙannenmu da iyayenmu mata, waɗanda hannunsu bai manta ba, mu sa sunansu a bangon littafin in sun yarda. Ni na ɗauki rubutun da tafiya ƙauye a hutu mai zuwa. Saura mai ɗaukar hoto da wanda zai biya fotokofi.