KUDUGU: JAMI'AR DA ANKA GINA DA JAR ƘASA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wanga wata za mu ƙetare iyaka mu leƙa ƙasar maƙwabtanmu, Burkina Faso. Tsofaffinmu sun san ta da sunan Hot Bolta. A shekarar 1984 ne anka canza mata suna, zamanin shugaba Toma Sankara. Garin da za mu sauka shi ne Kudugu. Akwai wani gini can da ya kamata ku ji labarinshi. Da irin ƙasar da muke takawa kullum anka yi shi, kuma samari da ƴan mata na karatun kimiyya a ciki.

HANYAR KUDUGU

Daga Wagadugu, babban birnin ƙasar, zuwa Kudugu wajen kilomita 100 ne, yamma. Hanyar kwalta ce. Ka kama hanyar Bobo, in ka kai wani gari da ake ce ma Sakwanse sai ka karkata dama. Ƙasar wurin ja ce. Dawa da hatsi suke nomawa kamar mu. Cikin gonaki za ka ga kaɗanya da ɗorawa da kuka tsaye, an bar su ana noma ƙarƙashinsu. Keke kuwa ba a magana. Mace da goyo a baya, da kaya ɗaure, tana tuƙa kekenta zuwa kasuwa.

Kudugu shi ne gari na 3 wajen girma cikin ƙasar, bayan Wagadugu da Bobo. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Abijan ta bi ta garin. Moris Yamewogo, shugaban ƙasar na farko a 1960, ɗan garin ne. Mosawa sun fi yawa. Harshensu daban da namu, amma akwai kalma guda da ba ka bukatar tafinta: in ka yi ma mutum alheri, sai shi ce maka barka.

Baƙo shi fara da babbar kasuwa. An gama ginin ta a 2005 da taimakon ƙasar Suwis. Shaguna sun fi 1000, kuma da birgin ƙasa anka yi su, wanda ake matsewa da inji. Rufin ma ƙasa ne, an lanƙwasa shi kamar bakan gizon sorayenmu. Ke nan mutanen Kudugu sun saba ganin babban gini na ƙasa tsakiyar garinsu. Akwai kuma jami'ar gwamnati mai sunan ɗan jarida Norbert Zongo. Amma wadda munka zo gani ƙarama ce, tana bayan gari. Sunanta a taƙaice BIT. Ana koyon aikin kwamfuta, wadda wasu ke kira ordinater, da aikin lantarki.

WANDA YA ZANA GININ

Kamin a aza tushen babban gini, akwai mai zama da takarda shi zana shi: ga inda ƙofa za ta kasance, ga inda iska za ta shiga. Wanda ya zana wagga jami'a sunanshi Faransis Kere. An haife shi a 1965 a wani ƙauye mai suna Gando, kusa da Tenkodogo. Ubanshi ne mai gari. Ba lakwal a ƙauyen. Da ya kai shekara 7 sai anka tura shi birni karatu, don uban shi samu mai karanta mashi wasiƙa. Duk wanda ya taɓa kai wasiƙarshi ga wani don a karanta mashi ya san abin da tsohon ke gudu.

Ajin da yaron ya zamna na siminti ne. Ba iska, ba haske sosai, ga yara cunkushe, ga zafi. Bai manta da wanga zafi ba. Ya koyi aikin kafinta. A 1985 ya samu tafiya Jamus, daga baya ya shiga jami'a a Berlin ya koyi zanen gini. Tun bai gama karatu ba ya nemo taimako ya komo gida. A 2001 shi da mutanen Gando sunka gina lakwal da birgin ƙasa. Gayya anka yi: wasu na kawo duwatsu, wasu na kawo ruwa, mata na daɓe. A 2022 an ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma ga masu zanen gini a duniya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

ABIN DA IDO KE GANI

Fili ne babba a bayan gari. Makarantar lise anka fara ginawa a wurin, sunanta Shorge, an gama ta a 2016. Ɗakuna 9 ne sunka yi zobe, da fili a tsakiya. Bangonsu na jar marmara ne da anka sassaƙo a yankin. Jami'ar tana gefenta, an gama ginin ta a 2020. Girman ginin mita 1000 ne na shimfiɗa, wato hekta guda in an raba ta 10 an ɗauki kashi 1. Bene babu. Daga nesa abin da kake fara gani shi ne sanduna jere a tsaye, da jan bango a bayansu.

Ga yadda anka shirya shi.

1. Tsakar gida. Ba a jera ɗakunan layi guda kamar shagunan bakin hanya ba. An kewaye fili da su, fili mai kusurwa 4, kamar yadda ɗakunan gidan gandu ke kewaye tsakar gida. Ɗakunan kusan duk iri guda ne. In ɗalibai sun ƙaru, sai a ƙara ɗaki irin na farko, ba sai an rushe komi ba.

2. Hanyar iska. Ɗakunan ba su tsaya kafaɗa da kafaɗa ba. Wanga ya ɗan shiga gaba, wancan ya ɗan ja baya. An yi haka don iska ta samu wurin bi ta ratsa tsakar gidan.

3. Bango. Nan ne sabon abu. Ba a buga tubali ba, ba a buga birgi ba. An kafa manyan alluna biyu biyu kamar akwati. An kwaɓa ƙasar wurin da siminti, sai anka zuba a tsakani. In ta bushe a cire allunan, bango ya tsaya sumul. Ana zuba bangon ɗaki guda a tashi ɗaya, shi ya sa aikin ya yi sauri. Bangon na da kauri. Bango mai kauri na ƙasa ba shi ɗaukar zafi da sauri. Rana na dukan shi tun safe, amma kamin zafin shi ratsa ciki yamma ta yi. Da dare kuma shi huce. Mai kwana cikin soro ya san wanga, mai kwana ƙarƙashin kwano ma ya sani.

4. Rufi. Iska mai zafi sama take tashi, kamar hayaƙi. Saboda haka a bayan kowane ɗaki an ɗaga rufin, an bar mata mafita. Zafin da ya taru a ɗaki sai shi bi nan shi fice. Daga ciki an yi ma ɗakin sili da iccen turare, wanda wasu ke kira zaiti.

5. Rumfa. Sandunan nan da ake hangowa daga nesa su ma iccen turare ne. An jera su kewaye da ɗakunan, da ɗan tsakani kamar zana mai faɗin ido. Iska na wucewa, haske na shiga, rana kuwa ba ta dukan bango kai tsaye. Tsakanin sandunan da bango akwai hanya mai inuwa, nan ake bi daga aji zuwa aji.

6. Ruwa. Wurin kwari ne, ruwa na malala da damana. An gyara ƙasar an yi ma ruwan hanya, shina zuba cikin wani babban rami da anka gina ƙarƙashin ƙasa. Da rani sai a ɗebo a ba mangwaron da anka dasa da yawa a filin makarantar. Ruwan da zai ci gindin bango shi ne ya koma inuwa da ɗiyan icce.

MI YA SA TSAKAR GIDA?

Wani zai ce: karatu cikin aji ake yin shi, mi ya kawo zancen rumfa da tsakar gida? To, mu duba. Makiyayi ina shike jin inda ciyawa ta fito, da inda ciwon dabbobi ya ɓulla? Bakin rijiya. Manomi ina shike jin irin da ya yi kyau bana? Gindin iccen hira. Ɗan jami'a ma haka ne. Malami shi yi bayani awa 2 shi fita. Wani ya gane, wani bai gane ba. Wanda bai gane ba shina jin kunyar ɗaga hannu gaban jama'a. Amma in sun fito sun zamna inuwa guda, sai shi matsa kusa da abokinshi shi ce a sake mashi.

Yanzu a ce makaranta ɗakuna ce kawai tsakiyar fili, ba icce, ba rumfa. Watan Afirilu ne, zafi ya wuce awo 40. Ana tashi daga aji, kowa sai shi nemi kekenshi shi gudu. Ɗan ƙauye da ya zo daga nesa shi koma ɗan ɗakin da ya kama haya, shi kaɗai da littafin da bai gane ba. Bai san kowa ba, kowa bai san shi ba. Irin wanga yaro ne ke karaya shi bar karatu, bayan ubanshi ya saida bisashe ya tura shi.

A Kudugu mai zanen ya yi ma wanga matsala dabara tun a takarda. Wurin da ya fi daɗin zama shi ne tsakiya, inda kowa ke ganin kowa. Ɗan shekarar farko na haɗuwa da wanda ya kusa gamawa. Malami in ya fito, cikin ɗalibai zai ratsa, mai tambaya shi tare shi. Ƴan mata na da wurin zama a sarari, cikin mutunci, ba sai sun tafi gida tsakanin darasi da darasi ba. Ƴan lise kuma na gefe, suna ganin yayyensu. Yarinyar da ke ganin wata kullum gaban kwamfuta ba ta bukatar a gaya mata mace na iyawa. Aikin kimiyya aikin gayya ne, hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

KADA A RUƊE MU

Sai dai a faɗi gaskiya duka. Ƙasar nan ba ita kaɗai ba ce, da siminti a ciki, kuma sai an auna. Ba kowace ƙasa ke yi ba, kamar yadda magina sun san ramin da ake ɗibar ƙasar gini da wanda ba a ɗiba. Ɗakunan kwamfuta kuma akwai injin sanyaya ɗaki a ciki, don injunan ba su son zafi. Bangon rage ma injin aiki shike yi. Kuɗin ginin ma wata ƙungiya ce ta Jamus ta kawo su. Iccen turare kuwa shina saurin girma, sandarshi miƙaƙƙa ce, amma shina shan ruwa ƙwarai. Kada wani shi ji labarin nan shi dasa shi bakin rijiya ko tsakiyar gona. Kuma duk inda anka yi aiki da icce, sai an riƙa duba gara.

TO, MU FA?

Zafin Kudugu irin namu ne. Mu ma muna da jami'o'i. Ta Yamai ta fara a 1971. An kafa na Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, anka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. Ɗiyan manoma da makiyaya na cikinsu, kuma gine-gine za su ci gaba da ƙaruwa. Masu irin wagga dabara ma muna da su. A Dandaji, cikin jihar Tawa, an gama wani aiki a 2018. Ɗiyar ƙasarmu Mariam Isufu da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sunka zana shi. Tsohon masallacin ƙasa ya koma ɗakin karatu, anka gina sabo da birgin ƙasa, kuma da maginan gargajiya anka yi aikin.

Da yawa cikinmu mun ɗauka ginin ƙasa na matalauci ne, siminti da kwano su ne ci gaba. Ga shi kuwa an zuba kwamfuta cikin ɗakin ƙasa, duniya na zuwa kallo. Saboda haka, ran da anka tara ku taron gari za a gina aji, ko ɗakin likita, ko wurin karatun manya, kada ku tsaya ga tambayar ɗaki nawa ne. Ku tambayi masu aikin abu 4. Ta ina iska za ta shiga, ta ina zafi zai fita? Ina yara za su zamna in sun fito? Ruwan rufin ina za shi? Maginan garinmu za su sa hannu, don in bango ya tsage su iya gyarawa?

In an ce kuɗi ba su isa a yi rumfa ba, akwai abin da ba shi bukatar jiran kowa. Damana na zuwa. A tona rami 10 kewaye da lakwal, a dasa icce, a yi mashi shinge saboda awaki, a raba ma gidaje ban ruwa. Ɗan da anka sa aji na farko bana, kamin shi fita zai zamna inuwarsu.