Akwatin da Ba Shi da Kwaɗo

A shekara ta 2009 wani mutum mai suna Todd Bol, a garin Hudson na jihar Wisconsin a Amurka, ya ƙera ɗan akwatin katako mai siffar makaranta. Ya kafa shi a ƙofar gidansa domin tunawa da mahaifiyarsa, wadda ta yi aikin koyarwa, ya cika shi da littattafai. Mai wucewa yakan ɗauki wanda yake so, in yana da wani kuma ya ajiye. Bol ya rasu a 2018, amma a 2022 akwatunan da aka yi wa rajista sun kai 150,000.

Abin da ya kama hankalinmu shi ne, akwatin ba shi da kwaɗo, ba kuwa mai rubuta sunan wanda ya ɗauka. Ko a Amurka ɗin akan sami masu kwashe littattafan su kai kasuwa. Masu akwatunan ba su sa kwaɗo ba. Waɗansu dai sukan buga hatimi a bango, cewa kyauta ce, ba ta sayarwa ba.

Wannan bai zama mana baƙon abu ba. Iyayenmu sukan ajiye randa da moɗa a ƙofar gida, matafiyi ya sha ya wuce, ba a tambayarsa addininsa. Amma littafi fa? A gidaje da yawa yana kulle cikin adaka har gara ta cinye shi, ga yaran maƙwabta ba abin karantawa.

Sai muka sa kafinta ya yi mana namu, da rufin kwano saboda damina, muka zuba littattafai goma sha biyu. Cikin mako biyu saura uku. Yaranmu suka ce a sayo kwaɗo, gama har da wanda suka fi ƙauna aka tafi da shi. Gaskiya abin ya yi mana zafi, littafi kuwa da tsada. Amma in muka kulle, mun ce wa dukan unguwa ɓarayi ke nan, Kirista da Musulmi, saboda mutum ɗaya ko biyu. Muka bar shi a buɗe.

Biyar ba su komo ba har yau. Huɗu sun komo, ɗaya an ɗinke masa bango da zare. Wata safiya kuma muka tarar da tsohon littafin lissafi na firamare wanda ba namu ba ne. Kafin yamma wata yarinya ta ɗauke shi.