Maƙerin Wushishi Da Kuɗin Bincike

Ba a banza ake yi wa Jihar Neja kirari da gidan wutar lantarkin Nijeriya ba. Madatsar ruwa ta Kainji ta soma aiki a shekarar 1968, ta Jabba da ke kan iyakar Kwara ta biyo baya a 1985, sannan ta Shiroro a 1990. Ta huɗunsu kuwa ita ce wadda aka gina a kan kogin Kaduna kusa da Zungeru, aka soma aikinta a 2013 da rancen bankin ƙasar Sin, aka kammala a 2023, mai ƙarfin megawat 700. In aka haɗa ƙarfin da aka gina su huɗun a kansa, ya haura megawat 2,600. Amma duk da haka, mai karatu, in ka ratsa ƙauyukan ƙaramar hukumar Wushishi, wadda garin Zungeru ke cikinta, za ka tarar manomi na ban ruwa da injin fetur, mata kuma na shanya shinkafa a bakin hanya. Abin nan ne da Bahaushe ke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

A cikin garin Wushishi akwai wani maƙeri mai walda, magidanci da yara uku masu koyon aiki a hannunsa. Sana'arsa ƙera ƙofofi da tagogi da gyaran injin ban ruwa. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman fadama suka yi ta kawo masa injinansu yana juya su su koma aiki da iskar gas ta girki, ya kuwa sami rufin asiri. Sai dai abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Mahaifiyarsa ta tsufa a kan sana'ar turara shinkafa, ya kuma tashi yana ganin wahalar shanya: akuya ta ci, iska ta zuba ƙasa da tsakuwa, in damina ce kuwa hadari ya taso a kwashe da danshi, kwana biyu ta yi wari.

Saboda haka ya ƙudura zai ƙera akwatin busar da shinkafa da zafin rana. Dabarar ba boyayya ba ce. Ana shafa wa kwano baƙin fenti a rufe shi da gilashi, iskar da ke ciki ta yi zafi ta tashi sama, ta ratsa farantan da aka baza shinkafar a kai, ta fita da danshin. Ranar da babu rana kuwa, sai a hura ɓuntun shinkafar a wani ƙaramin murhu da ke gefe. Wahalar tana wurin awo. Masana sun ce sai danshin ƙwaya ya sauka zuwa wajen kashi 14 cikin 100 kafin a kai ta inji, in kuma zafi ya yi yawa ta bushe da gaggawa, ƙwayar takan tsage ta kakkarye wajen casa, farashi ya faɗi.

Akwatin farko bai yi zafi sosai ba. Na biyu ya yi zafi har ya wuce kima, buhu guda na shinkafar tsohuwar ya koma tsaki. Da ta dubi abin da ya fito daga inji sai ta ce, "Ɗan nan, kai dai a bar ni da tabarmata." Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, na uku zai yi." Na ukun ne har yau bai ƙeru ba, domin yana bukatar gilashi mai kauri, da ma'aunin zafi, da na'urar auna danshi, da shinkafar gwaji wadda in ta lalace babu mai kuka. Ya je wani banki, aka nemi takardar fili, aka kuma faɗa masa kuɗin ruwan da zai riƙa biya tun daga watan farko. Ya dawo ya ci gaba da ƙera ƙofofi.

Laifin ba na banki ba ne, domin banki da kuɗin ajiyar jama'a yake ciniki, shi kuwa bincike abu ne da ake faɗuwa sau biyar kafin a dace sau ɗaya. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka ware kuɗin da ba rance ba domin irin wannan aiki. A shekarar 1982 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa manyan ma'aikatun gwamnati masu kashe kuɗi kan bincike, har da ma'aikatar makamashi, su keɓe wani kaso domin ƙananan kamfanoni, watau waɗanda ma'aikatansu ba su wuce 500 ba. Zuwa 2017 kason ya kai kashi 3.2 cikin 100. An tsara abin hawa-hawa. Da fari a ba mutum ɗan kuɗi na wata shida zuwa shekara ya nuna ko dabararsa za ta yiwu. In ta yiwu, a ƙara masa mai tsoka na kimanin shekara biyu ya ƙera samfuri. Daga nan sai ya nemi kasuwa da kansa. Gwamnati ba ta karɓi hannun jari a kamfaninsa ba, ba ta kuma ƙwace masa haƙƙin abin da ya ƙirƙira ba.

Nijeriya ma ba ta zauna haka nan ba. An kafa Hukumar Makamashi ta Ƙasa da dokar 1979. Cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta shafe shekaru tana ƙera na'urorin busar da amfanin gona da murhu mai tsimin itace. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana da sashen ba da kuɗin bincike, amma malaman manyan makarantun gwamnati ne ke nema. Hukumar samar da lantarki a karkara kuwa, da tallafin Bankin Duniya, ta biya kamfanoni bisa yawan gidajen da suka jona wa wuta, kuma tashar hasken rana ta farko a wannan shiri a Rokota aka buɗe ta, cikin ƙaramar hukumar Edati ta nan Jihar Neja, a watan Disamba na 2019. Duk waɗannan ayyuka ne na alheri. Sai dai malami yana da kuɗin bincike ba shi da rumfa a kasuwa, babban kamfani yana da jari yana kafa kayan da ya sayo, maƙeri kuma, wanda ya san kukan mata masu shinkafa, ya faɗa tsakani.

Maganin bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Neja tana nan Zungeru, Jami'ar Fasaha ta Tarayya kuma tana Minna tun 1983. Abin da ya rage shi ne a ware wani ɗan kaso a kasafin kuɗi, a sa sharaɗin cewa mai sana'a da malami su nema tare: malami ya kawo awo da lissafi, maƙeri ya kawo hannu da kasuwa. Takardar nema ta zama gajera, a yarda a cika ta da Hausa ko Nufanci ko Gwaranci.

Akwai masu cewa kuɗin da ba rance ba ganima ce, 'yan siyasa za su raba wa yaransu. Tsoronsu yana da tushe, domin an sha gani. Amma ai shi ya sa ake biya hawa-hawa. Kada a ba kowa kashi na biyu sai masana sun je rumfarsa sun ga abin da ya yi da na farko, a kuma buga sunayen waɗanda suka karɓa a jarida, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya gwada da gaskiya abin bai yi ba, a rubuta dalilin domin na baya ya amfana, kada a kira shi ɓarawo.

Madatsar Zungeru ta ci sama da dala biliyan 1. Abin da zai ishi maƙeri ɗari su gwada dabarunsu bai kai kuɗin sumuntin kusurwa ɗaya tata ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya sa masu tsara kasafin kuɗi a Minna su duba wannan magana da idon basira.