Daura: Tarihin Da Ke Cikin Ƙwarya Da Akushi

Matafiyin da ya bar Kano ya nufi arewa, ya wuce Dambatta da Kazaure, tun bai hango Daura ba ƙasa za ta fara sanar da shi abin da mutanenta ke ci. Jigawa ta karɓe hanya, dawa ta riƙa ja da baya gero yana matsowa, ga kuka da gawo da aduwa tsaitsaye a gonaki, ga rumbuna a bakin kowane ƙauye. Damina a nan gajera ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba, saboda haka amfanin da ya san darajar ruwa kaɗan shi ne sarki. Wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren tarihin masarautar, tun daga Sandamu da Zango da Baure har Mai'aduwa, inda hanya ke bi ta Kwangwalam ta shiga Jamhuriyar Nijar.

Duk baƙon da ya sauka Daura, rijiyar Kusugu ake fara kai shi, mu ma can aka fara kai mu. Labarin kowa ya san shi: Bayajida ya iso da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce ba a samu sai ran Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiyar, ya karɓi guga ya tafi ya kashe shi, Magajiya Daurama ta aure shi, daga jikokinsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Masana tarihi sun daɗe suna ja-in-ja kan wannan labari, ba kuwa za mu raba musu gardama a wannan fili ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, labarin da Hausawa suka riƙe a matsayin asalinsu bai soma da yaƙi ko ganima ba, ya soma ne da baƙo mai ƙishirwa da tsohuwar da ta ji kunyar rasa abin ba shi. Har yau a Daura ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai an miƙa masa ruwa, in gidan da hali kuwa, ruwan nan fura ce.

To, bari mu tsaya kan furar nan, domin ita ce uwar abincin ƙasar. Ana surfa gero a turmi, a sheƙe dusa, a wanke, a shanya ya sha iska, sa'an nan a daka shi tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. A yayyafa wa garin ruwa a cura manyan dunƙule, a jefa cikin tafasasshen ruwa har su nuna. Daga nan sai a mayar da su turmi a kirɓa, kirɓin nan kuwa shi ne ke raba gwana da 'yar koyo, domin furar da ba ta kirɓu ba gudaji take yi komai ƙoƙarin mai damu. A cura ƙanana, a birkiɗa cikin gari, sai damu a ƙwarya da ludayi da nono mai kauri. Manomi ya sha ta da hantsi ya yini yana huɗa, fatake kuma su ƙulle ta a zane su yi kwanaki a hanya.

Kowa ya duba zai ga hannu biyu ne suka haɗu a ƙwaryar: geron Bahaushe da nonon Bafillatana. Wajen 1805, zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Malam Ishaku ya ci Daura, Sarki Gwari Abdu ya fita, danginsa suka kafa sarauta a Zango da Baure. Aka yi kimanin shekara 100 a haka, har 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa na tsohon gidan kan gadon Daura. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Alhaji Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sa'an nan Alhaji Umar Faruk Umar ya hau. Duk wannan juyi da aka yi a fada, cinikin gero da nono tsakanin matan birni da matan ruga bai tsaya ba.

Da dare kuwa tuwo ne, na dawa ko na gero, da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, a ɗiga man shanu. Ran miyar ita ce daddawa. Kalwar ɗorawa ake dafawa yini guda, a surfe ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa ta yi wannan ƙamshi da baƙo ke toshe wa hanci ɗan gida kuwa yana haɗiyar miyau. A ganinmu dunƙulen kanti da ya cika kasuwanni yanzu ɗanɗano ɗaya yake ba kowace miya, ta Daura da ta Ikko duk su zama abu guda, alhali daddawa kowace mai yi da irin hannunta. Ga kuma dambu da zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, ga ɗanwake, ga kunun kanwa da ake dama wa mai jego.

Amma ba duk abin da ke cikin akushin Daura ne ya tsiro a jigawarta ba, nan ne kuma 'yan kasuwa za su ga sawun kakanninsu. Gishirin kantu daga Bilma yake zuwa bisa raƙuman Azbinawa, su sauke shi su ɗauki gero. Kanwa daga wajen Manga da Barno. Masara da gyaɗa da rogo da barkono da tumatir kuwa asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su shigo duniyarmu ba sai bayan 1492, watau ƙuli-ƙulin da muke ɗauka tsohon gado ƙane ne ƙwarai a wajen fura. Sa'an nan ga jerin sunayen da ɗalibin Larabci zai gane nan take: alkama, albasa, alkubus, gurasa, alkaki, alewa, kanumfari, lemo, sukari. Dukkansu kalmomin Larabci ne da bakin Hausa ya lanƙwasa, ayarin Sahara ne ya kawo su tare da littattafai. Abincin alkama shi ya sa har yanzu ya fi fitowa ran biki da salla da garar amarya, gero kuwa na kullum ne.

Hanyar nan da ta kawo mana alkaki ba a bakin hamada ta ƙare ba. Risalar da almajiranmu ke karantawa a zaure, Ibn Abi Zaid ne ya wallafa ta a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, ya rasu a 996, cikin abubuwan da ya lissafa na zakkar fid da kai kuwa har da gero da dawa. Daga wannan Ƙairawan ɗin alƙali Asad ibn al-Furat, wanda ya yi karatu wurin Imamu Malik a Madina, ya jagoranci rundunar da ta haye teku zuwa tsibirin Sisili, wanda Larabawa ke kira Siƙilliya, a kudancin Italiya, cikin 827. Birnin Palarmo ya shiga hannun Musulmi a 831, suka riƙe tsibirin fiye da shekara 200, suka yaɗa noman lemo da rake da dabarun ban ruwa, har Normawa suka gama ƙwace shi a 1091. A fadar sarkinsu Roja na Biyu ne al-Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, inda ya ambaci wani gari kusa da Palarmo da ake murza taliya ana lodinta a jiragen ruwa zuwa ƙasashe. Daga baya aka kwashe sauran Musulmin tsibirin, masallatai suka zama coci-coci, amma tukunya ba ta bi su ba. A garin Tirapani har yau ana turara kuskus, wanda ya haye teku daga Tunisiya, a ci shi da romon kifi. Matar Daura da ta ga yadda ake ɗora madambaci bisa tukunya a liƙe bakinsa don kada tururi ya tsere, ba sai an yi mata bayani ba, dambu za ta kira shi.

Wanda ke son ganin akushin Daura a cike, ya zo cikin watan Rabi'ul Awwal lokacin Sallar Gani, sa'ad da hakimai da dagatai ke shigowa birni da dawakinsu don hawa, gidaje su cika da baƙi, 'yan mata su yi ta kai-kawo da kwanukan waina da funkaso da tuwon shinkafa daga wannan zaure zuwa wancan. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa can, ko ɗan kasuwar da ya je sayen dabbobi Mai'aduwa, in aka tambaye shi abin da zai sha, ya bar furar inji mai ƙanƙara da sukari sai ya koma gida, ya ce a dama masa ta turmi, a ƙwarya.