Jos: Ƙasar Duwatsu Da Masu Jan Ciki

Matafiyin da ya taso daga Akwanga ya nufi Jos ba ya bukatar a gaya masa ya shigo ƙasar Filato. Da motarsa ta fara gurnani a Hawan Kibo, sai ya ji iska ta sake, gumi ya bushe, ga duwatsu ɗaya bisa ɗaya kamar da hannu aka ɗora su. Birnin Jos yana zaune ne a kan tudu mai tsawon kamar ƙafa 4,000 daga bakin teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun kai ƙafa 6,000. Wannan tsawo shi ya ba garin sanyin da ya yi suna da shi, shi ne kuma ya tsara zaman macizai da ƙadangaru a wurin.

Dalili kuwa shi ne, masu jan ciki ba sa samun ɗumi daga cikin jikinsu kamar mutum ko akuya. Rana ce murhunsu. Saboda haka a watannin Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ya tsananta, sukan lafe cikin tsagar dutse har sai hantsi ya dubi ludayi. A lokacin ne jangwada yake hawa kan falalen dutse yana gyaɗa kai, kulɓa tana sulɓi cikin busassun ganye, hawainiya kuma tana takawa sannu a shingen ƙerana da ya kewaye gonakin Birom. A bakin rafuka da kududdufan da haƙar kuza ta bari, nan guza yake farautar kwaɗi.

Waɗannan duwatsu suna da dukiyar da ba kowa ya sani ba. A shekarar 1986 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean-Luc Perret, ya bayyana wata irin babbar tsaka da aka samo a Riyom, wadda ba a san ta a ko'ina ba sai a tudun Jos. Watau duk dutsen da aka farfasa don tsakuwar gini, ana iya rushe gidan wata halitta da ba ta da wani gidan a duniya. Gwamna Joseph Gomwalk, wanda ya karanta ilmin dabbobi a Jami'ar Ibadan, ya san darajar irin wannan gado, don a zamaninsa ne aka kafa gandun namun daji na Jos a 1972.

Amfanin waɗannan halittu a fili yake ga mai lura. Ƙadangare yana cin tururuwa da gara da fara. Tsaka, wadda jama'a suke ƙi bisa zaton tana da dafi, ba ta da shi ko kaɗan. Aikinta dai kama ƙwari a bango da dare. Mesa da kasa da kumurci kuwa su ne 'yan gadin da ba a biyansu, gama su ke rage ɓera da gafiya masu ɓarna a gonar acca da ta dankalin Turawa. Inda aka ƙarar da macizai, rumbu ne yake biyan bashin.

Amma fa labarin yana da wani gefe mai ɗaci. In matafiyi ya gangara daga tudu ya doshi Langtang da Shendam da Wase, inda ƙasa ta yi zafi, ya shiga mulkin kububuwa. Ƙaramar macijiya ce, da ƙyar take wuce ƙafa 2, launinta kuma ya saje da ƙasa, sai dai dafinta yana hana jini daskarewa, har a ga jini yana tsattsafowa daga dasashi. Manoma da makiyaya ta fi sara, musamman lokacin shuka da na girbi. A shekarun 1970 Dokta David Warrell, yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi bincike mai zurfi a kanta. Gwajin da ya yaɗu daga wannan aiki mai sauƙi ne: a zuba jinin wanda aka sara cikin kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20, in bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, sai allurar maganin dafi. Asibitin Zamko da ke yankin Langtang, reshen Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ya shahara wajen karɓar irin waɗannan majinyata. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Ashe maciji ya zama ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Mafita ita ce manomi ya sa takalmi mai rufe ƙwauri, ya riƙe fitila da dare, ya raba tarin itace da ɗakin kwana. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a gaggauta kai shi asibiti. Hukuma kuma ta wadata asibitocin karkara da magani, ta tsawata wa masu ƙona daji. In an yi haka, mutum ya tsira, rumbu ya tsira, duwatsun Jos kuma su zauna da mazaunansu na asali.