Shekara uku muna yi wa Auta ɗura

Shekara uku cur muna yi wa autar gidanmu ɗura, kuma duk tsawon lokacin nan gani muke gata muke yi mata. Duk wanda ya tashi a Hausari ya san yadda ake yi: a kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a tsiyaya koko, in ya ƙi haɗiyewa a toshe masa hanci. Haka aka yi mana, haka muka yi wa yayyenta biyar, duk ga su nan garau. Sai dai Auta ba kamar su take ba.

Naƙudar kwana biyu aka sha kafin a haife ta, da ta faɗo kuma an jima ba ta yi kuka ba. Wata shida wuya bai tsaya ba, shekara guda ba zama. Sunaye kam mun sha su: wasu su ce 'yar ruwa ce, wasu su ce musanya aka yi mana, masu sauraren rediyo su ce galahanga. Likita ne ya warware mana, ya ce iska ba ta isa ƙwaƙwalwarta ba lokacin haihuwa, sai ɓangaren da ke sarrafa motsin jiki ya samu rauni. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa. Ya ce shawara mai tsanani a jariri, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa, duk suna iya jawo haka. Mu dai hankalinmu yana kan ƙafa, yaushe za ta taka. Ba mu taɓa kawowa a rai cewa harshe da leɓe da maƙogwaro su ma tsoka ba ce, kuma abin da ya sandarar da ƙafar bai bar su ba.

Kwanciyarmu ta uku a asibiti saboda ciwon huhu, kakarta, wadda muke kira Iya, ta jawo kwanon koko za ta yi aikin da ta saba. Wata nas da ke wucewa ta tsaya cak. "Iya, don Allah ku dakata. Kullum haka kuke ba ta?" Iya ta ce to da yaya za a ba ta, yarinyar da ba ta karɓar cokali? Nas ɗin ta jawo kujera ta zauna. Ta ce hanyar abinci da hanyar numfashi maƙwabta ne a wuya, kuma duk haɗiya sai an rufe ta numfashin cikin ƙiftawar ido. Yaro irin Auta rufewar tana makara. In yana kwance, kai ya lanƙwashe baya, ga koko tsararo yana gudu kamar ruwa, wani ya bi ciki, wani ya bi huhu. Wani yaron ya ƙware ya yi tari, wani ko tarin ba ya yi, sai bayan kwanaki a ga zazzaɓi da numfashi sama-sama. Wallahi jikinmu ya yi sanyi. Ashe ciwon da muke ta ɗora wa sanyin hunturu, da hannunmu muke zuba shi.

Ranar ce kuma aka ɗora ta a sikeli muka kalli lambar da idon basira: shekara huɗu, kilo 9. Ramar tata mun daɗe da sallamawa, mun ɗauka tana cikin ciwon, kamar yadda dalalar miyau take ciki. Daga baya muka ji cewa likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun bincika wannan, aka buga sakamakon a 2018. Yara 150 masu wannan larura suka auna, suka kwatanta su da tsararrakinsu 150 marasa ita. Kashi 86 cikin ɗari na masu larurar suna da wani nau'i na tamowa, su kuwa sauran kashi 55. Lamba ta biyun ma abin kunya ce gare mu duka, amma tazarar da ke tsakani ita ce ta Auta: yunwa ce a gidan da ake ɗora tukunya sau uku.

Abin da muka sauya ba shi da tsada, sai dai cin rai. Kafinta a nan unguwa ya buga mana 'yar kujera mai jingina da hannuwa, muka cusa tsumma a gefe don kada ta karkace. Tana zaune tsaye, ƙafa a kan wani abu, haɓa ta ɗan sunkuya. Mai bayarwa ya zauna gabanta daidai ido, don in ka tsaya a kanta sai ta ɗaga kai, an koma gidan jiya. Koko ya zama mai kauri, wanda zai zauna a cokali. Cokalin kuma ƙarami na roba, rabi-rabi, a ɗora a kan harshe a jira sai an ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara. Ruwan sha ma a kofin roba da muka yanke gefe ɗaya, ya bar wa hanci wuri. In ta gama ta zauna rabin awa kafin a kwantar da ita.

Rabin awa kuma shi ne iyakar cin, don nas ɗin ta ce abincin da kullum yake wuce haka alamar matsala ce, yaro ya gaji, haɗiya ta ƙara lalacewa. Sai muka raba shi sau shida a yini. Tunda abin da ke shiga kaɗan ne, dole kowane cokali ya yi nauyi. Garin Tom Brown da aka saba da shi a Yobe da Borno, gero da waken suya da gyaɗa, muna dama shi mu sa manja ko man shanu. Kabewa da dankali a murƙushe, alala mai laushi, ƙwai, kindirmo, wani lokaci hanta a daka. Abin takaici, a garin da tirela ke lodin shanu zuwa Kudu kowane mako, hanta ta naira kaɗan sai mun yi lissafi.

Kuma kada wani ya ce koyarwa kaɗai ta isa. A Ghana an gwada tara iyayen irin waɗannan yara rukuni-rukuni ana koya musu har kusan shekara. Iyayen sun samu sauƙin rai, zama da ba da abinci ya gyaru, amma ramar yaran ba ta ragu sosai ba, don sanin yadda za a bayar bai sayi abin bayarwa ba. Mu ma nan akwai giɓi. Zaren awon damtse da ake zagayawa da shi, mai nuna ja in an kasa santimita 11.5, na yara ne daga wata shida zuwa shekara biyar. Yaro ɗan shekara bakwai mai jikin ɗan uku, yana kwance a ƙuryar ɗaki, ba ya cikin lissafin. Mun san gidaje a layinmu da ke da irinsu, ba a fito da su ko ranar suna. Masu unguwa da limamai da matan Islamiyya sun fi kowane ma'aikaci sanin waɗannan ƙofofi.

Mun kuma daina gwada ta da 'yar maƙwabta. An gaya mana ko da abinci ya wadata irin su Auta ba sa kai tsararrakinsu girma, har a Amurka sai da aka zana musu nasu katin awo daban. Da nauyinta na watan jiya muke gwada ta. Wata goma sha huɗu ke nan, ta kai kilo 11 da rabi, ba mu sake kwana a asibiti ba, kuma in ta ga kwanon kabewa dariya take, ita da a da ƙarar ludayi ke sa ta sandarewa.

Iya ce dai har yanzu ba ta gama yarda ba. Ta ce cokali wasa ne, yaro ba ya ƙoshi sai da ɗura. Ba ma musu da ita, uwa ce. In za mu fita unguwa sai mu ciyar da Auta tukuna, mu wanke kwanon, mu kulle sauran garin a ɗaki mu tafi da makullin.