Giyar Mota da Jarin Baba

Tun bayan Sallah maganar da ake yi a gidanmu a Sabon Shagamu ɗaya ce: Baba zai cire kuɗi daga jarin goro ya sayi motar da za ta riƙa jigila zuwa Kano. Sienna ko Sharan? Kowa na duba fenti da kujeru, ni kuwa giya ce damuwata, don inji yakan ba ka alama kafin ya mutu, giyar atomatik kuwa sai ta ajiye ka a dajin Mokwa da fasinja da kaya.

Abin da ke kashe ta zafi ne. Man giya shi ke sarrafa ta, shi ke sanyaya ta, kuma a yawancin waɗannan motoci ta lagireto yake bi ya huce. To motar da aka ƙera don mutum bakwai ko takwas, mu sai mu zuba goma, mu cika but da huhun goro, mu ɗaure wani a sama, sannan mu shiga gosulo. Man ya ƙone, faifan ciki su fara sulɓi, ka taka totur inji na ihu mota ba ta tafiya.

Ba duka suke ɗaya ba. Honda Odyssey ta 1999 zuwa 2004 ta yi suna da raunin giya tun a Amurka, har a 2004 kamfanin ya kira wasu a gyara saboda lamba biyu na yin zafi. Sienna ta 2004 zuwa 2010 mai lamba biyar ta fi juriya, shi ya sa ta cika tashoshin kudu. Amma fa tokumbo ce, ba ka san irin wahalar da ta sha kafin ta hau jirgin ruwa ba.

Ni na ce wa Baba, in don lodi ne, Sharan mai giyar hannu ta fi mana. Kulocinta in ya cinye, kowane bakanike a Jebba ko Tegina zai canza. Atomatik kuwa in ta tafi, galibi sai dai a nemo wata a Ladipo, ita ma tsohuwa, kuma mota na fake kuɗin adashe na jira.

Yayana ya nace sai Sienna, wai fasinja sun fi sonta don sanyi da laushi, kuma gaskiyarsa. Sharaɗina dai kafin a biya: a zaro sandar awon man giya, in ya yi baƙi yana warin ƙuna a haƙura. A kuma tuƙa ta har ta yi zafi, a ji ko tana fizga wajen canza lamba. Ranar Asabar za mu Legas da Baba mu duba guda biyu.